Yadda Aka Rage Ruwan Aidin a Hoton Jijiyoyin Jini

Hasken eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, yana fito da ƙashi sarai amma yana ratsa jini ya wuce, don haka jijiya ba ta fita a hoto sai an ɗura mata ruwa mai tare hasken, wanda ake kira rini duk da cewa garai-garai yake kamar ruwan sha. A 1927 Egas Moniz ya ɗauki hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwar mai rai a Lisbon da ruwa mai sinadarin aidin, kuma tun daga lokacin aidin ya zama ginshiƙin wannan aiki.

Sai dai rinin farko ya ninka jini yawan gishiri sau da yawa, har majiyyaci yakan ji ƙafarsa kamar an zuba mata wuta, sannan ƙoda, wadda ita ce ke tace shi zuwa fitsari, takan jigata, musamman a jikin tsofaffi da masu ciwon suga. Wannan raɗaɗin ne ya sa Torsten Almén na Suwidin ya kawo shawarar sabon tsarin rini a 1969, wadda ta haifar da samfura masu sauƙi irin su iohexol.

Da rinin ya gyaru, hankali ya koma kan adadinsa, kuma a nan ne aka fi tausaya wa mai raunin ƙoda. A ƙarshen shekarun 1970 aka koya wa kwamfuta ta ɗauki hoto kafin ɗurin da bayansa, ta cire na farko daga na biyu, ƙashi ya ɓace, jijiya ta tsaya ita kaɗai kamar reshen bishiya ko da rinin tsarma-tsarma ne. Irvin Hawkins na Florida kuwa iskar kabon dayoksaid ya busa cikin jijiya a madadin rini, domin tana ture jini na ɗan lokaci, ta narke, huhu ya fitar da ita ba tare da ta taɓa ƙoda ba, ko da yake ba a kai ta jijiyoyin zuciya da ƙwaƙwalwa. Can sai aka dogara da ƙaramar na'urar sauti da ake zurawa cikin jijiyar, wadda a yau take ba likita damar buɗe toshewa da ɗigon rini kaɗan, wani lokaci ma babu ko ɗaya.

A 2022 kullen korona ya tsayar da masana'antar rini ta kamfanin GE da ke Shanghai, rini ya yi ƙaranci, asibitocin Amurka suka koma ga waɗannan dabarun ala tilas.