Ranar da 'yan sandan Suwizalan suka kama kwamfuta

A watan Janairun 2015, 'yan sandan garin St. Gallen a Suwizalan suka shiga wani zauren baje kolin fasaha suka yi awon gaba da wata kwamfuta. Wasu masu fasaha ne suka rubuta mata manhaja mai suna Random Darknet Shopper, suna ba ta bitcoin na dala 100 duk mako, ita kuma ta shiga kasuwar bayan fage ta intanet ta yi sayayya ido rufe. Ta sayo wandon jabu, da takalma, da taba sigari, da hoton fasfon ƙasar Hungari. Rannan sai ga ƙwayoyin maye guda 10 daga Jamus. Babu mahaluƙin da ya zaɓe su. To, wa za a gurfanar?

Mukan yi dariyar labarin, amma Turai ta jima da wannan ciwon kai. A 1386 kotun garin Falaise a Faransa ta yanke wa wata alade hukuncin kisa saboda ta kashe yaro, aka kuma zartar a bainar jama'a. Ingila kuwa tana da tsohuwar doka da ake kira deodand: duk abin da ya yi ajalin mutum, doki ne ko amalanke ko dutsen niƙa, sai a ƙwace shi ko a karɓi kimarsa. Jirgin ƙasa ne ya tona asirin dokar. Bayan haɗarin Sonning na 1841, masu binciken mutuwa suka ɗora fam 1,000 a kan jirgin, ba don sun zaci ƙarfe yana jin zafi ba, sai don ita ce ƙofar da suka samu ta taɓa aljihun kamfani. A 1846 majalisa ta soke dokar, ta kuma ba iyalan mamata damar kai ƙara da kansu.

Malamanmu na Malikiyya ba su sha wannan wahalar ba. A Risala, ɓarnar da dabbobi suka yi wa gona da dare tana wuyan masu su. Makiyayi ake nema, ba saniya ba, kuma muna ganin nan aka fi kusa da gaskiya.

Amurka ma wannan hanyar ta bi da tsutsar intanet ta Nuwambar 1988, wadda ta durƙusar da dubban kwamfutoci. Wanda ya rubuta ta, Robert Morris, shi kotu ta kama da laifi a 1990: tarar sama da dala 10,000, aikin al'umma na awa 400, da shekara uku ƙarƙashin sa ido.

A St. Gallen dai, bayan wata uku aka sako kwamfutar da kayan da ta sayo. Ƙwayoyin aka lalata su, masu fasahar kuma aka janye batun tuhumarsu, don mai gabatar da ƙara ya ga muhawarar da aikin ya tayar ta fi laifin nauyi. Kafin shekarar ta ƙare, manhajar ta koma sayayyarta a wani baje koli a Landan.