Farin Layin da Jiragen Sama ke Bari a Sararin Samaniya: Nazari daga Kontagora

Tsakure

Wannan maƙala ta duba asalin farin layin da ake hangowa a bayan jiragen sama a samaniyar Kontagora, wanda jama'a ke kira hayaƙin jirgi. Ta nuna cewa layin gajimare ne na ƙanƙara, kuma tsawonsa da daɗewarsa sun dogara ne ga sanyi da laimar iskar da jirgin ke ratsawa.

1.0 Gabatarwa

A lokacin kaka, sa'ad da ruwa ya ɗauke kuma hazon hunturu bai sauko ba, samaniyar Kontagora kan yi garau, har mai girbi a gona ya hangi jirgi kamar ƙwayar shinkafa yana jan farin zare a bayansa. Wata rana zaren ya ɓace nan take, wata rana ya daɗe ya bazu, wata rana kuma jirgin ya wuce bai bar komai ba. Wannan bambanci shi ne abin da ke buƙatar bayani.

2.0 Yadda Layin ke Samuwa

Man jirgi wani nau'in kananzir ne, kuma duk kilo 1 da injin ya ƙona yana fitar da tururin ruwa kimanin kilo 1.25, tare da kunkunniya, wato baƙin ƙurar da wuta ke bari. Jiragen dogon zango suna tafiya tsakanin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, inda sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri ko fiye, domin zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace kilomita da aka hau. Da zarar tururin mai zafi ya haɗu da wannan iska, sai ya taru a jikin ƙwayoyin kunkunniya ya zama ɗigon ruwa, ɗigon kuma ya daskare cikin ƙiftawar ido. Misalinsa na kusa shi ne tururin butar mai shayi a tasha, wanda ke fitowa fari fat da asubahin hunturu, amma da kyar ake ganinsa da rana tsaka a bazara. Ɗan gibin da ke tsakanin jirgi da farkon layin kuwa, tazarar da jirgin ya ci ce kafin tururin ya huce.

Bajamushe Ernst Schmidt a 1941 da Ba'amurke Herbert Appleman a 1953 su ne suka fayyace ƙa'idar da ke nuna iyakar sanyi da laimar da layin ke buƙata, kuma har yau da sunansu ake kiranta.

3.0 Dalilin Bambanci a Kontagora

Kasancewar Kontagora tana kusa da digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, iskar samanta ta fi ta Turai ɗumi a wannan tsayi, saboda haka jirgin da bai hau sosai ba yakan wuce ba tare da layi ba. Idan iskar can sama busasshiya ce, ƙanƙarar kan koma tururi cikin daƙiƙoƙi, idan kuwa ta ƙoshi da laima, layin kan yi awanni yana faɗaɗa har ya saje da gajimare. A hunturu ƙurar Sahara kan tare ido, da damina kuma hadari kan rufe samaniya, shi ya sa aka fi lura da shi a kaka.

4.0 Tasirinsa ga Yanayi

Zargin cewa guba ake fesawa bai samu hujja ba, domin a wani bincike na 2016 masana 76 daga cikin 77 da aka tuntuɓa sun ce ba su ga alamar hakan ba. Damuwar masana ita ce layin da ya daɗe yana tare zafin da ƙasa ke fitarwa, musamman da dare. A 2023 kamfanonin Google da American Airlines sun gwada kauce wa iska mai laima a tafiye-tafiye 70, inda layin ya ragu da kashi 54 cikin 100.

5.0 Kammalawa

Abin da ake kira hayaƙin jirgi ƙanƙara ce, kuma gajeren layi alama ce ta busasshiyar iska a can sama, dogo mai daɗewa kuwa alama ce ta laima. Ya kamata malaman kimiyya a makarantun Kontagora su riƙa sa ɗalibai suna rubuta ranar da suka ga layin da mintocin da ya ɗauka kafin ya ɓace, domin nazari ne da ba ya buƙatar komai sai ido da agogo.