Ƙaramin Gatari a Ƙasar Tambuwal da Kebbe: Daga Tama zuwa Sifirin Mota

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kamar sauran kudancin Jihar Sakkwato, ba a saba sayen gatari a matsayin abu guda da aka gama haɗawa ba, domin hannu biyu ne ke fitar da shi kafin ya kai ga mai sara: maƙeri shi ke ƙera ruwa, wato ƙarfen da ke da kaifi, masassaƙi kuma ko mai gatarin da kansa shi ke fafe ƙota, wato icen da ake riƙewa. Saboda haka tarihin wannan makami tarihin abubuwa biyu ne da ba su yi tafiya tare ba, tun da ƙarfen ya sauya asali fiye da sau ɗaya a cikin ƙarni guda, alhali siffar gatarin da yadda ake ɗaura shi sun tsaya kusan inda kakanni suka bar su.

Garin Tambuwal ya yi ƙarfi ne a ƙarni na goma sha tara a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, a hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma duk garin da aka kafa a bakin daji yana buƙatar mai sare itace kafin mai gini. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya bayyana a littafinsa Usulus Siyasa cewa yana daga haƙƙin shugaba ya kula da masu sana'a, har da maƙera da masassaƙa, ya kuma tabbatar kowane gari yana da nasa. A wancan zamani ƙarfe daga tama ake samunsa, wato dutsen da ke ɗauke da ƙarfe, wanda ake haƙowa a fasa, a jera shi da gawayi cikin ginin yumɓu, a hura wuta har ƙarfen ya rabu da dattinsa da ake kira kashin maƙera. Aiki ne mai cin gawayi da ƙarfin mutane, shi ya sa ƙarfe ya kasance da tsada, aka kuma riƙa ƙera ruwan gatari siriri, ba a sa masa ƙarfen da ya wuce bukata. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya shiga kasuwar Sakkwato a 1853 ya yaba ingancin ƙarfen da ake sayarwa a cikinta, har ya fifita shi a kan na Kano.

Tsadar ƙarfe ce ta haifar da dabarar da har yanzu ake gani a kowace kasuwar ƙauye. Ruwan gatarin gargajiya yana da faɗi a baki, ya tsuke zuwa baya har ya ƙare da tsini, ƙotar kuma tana da dunƙulallen kai mai nauyi, wanda yawanci ake samu daga gaɓar da reshe ya rabu da uwa, inda jijiyoyin icen suka sarƙe da juna har ba su tsagewa da sauƙi. Maƙeri yakan saka tsinin a wuta, ɗan zuga yana buga zuga-zugi har ƙarfen ya yi ja, sai ya kama shi da awartaki ya danna a kan ƙotar, hayaƙi ya tashi, ya zare ya mayar wuta, ya sake dannawa har tsinin ya ƙona wa kansa mazauni daidai jikinsa. Gwanin maƙeri ba ya barin wuta ta gama hujin, yakan tsaya da sauran kaɗan domin a ƙarasa da bugu bayan ƙarfen ya huce, saboda gawayin da ke cikin huji yana rugujewa, ruwan ya riƙa girgiɗi. Amfanin wannan ɗauri shi ne kowane sara yana ƙara cusa ƙarfen cikin ice, nauyin da ake bukata kuma ƙota ce ke bayarwa. Akwai kuma wani ɗaurin da ake naɗe gindin ƙarfen ya zama kamar bututu, a zura masa ƙota mai lanƙwasa, wanda aka fi gani a jikin gizago, makamin da masassaƙa ke fafe turmi da akushi da shi.

Ƙananan gatura ba iri ɗaya ba ne, ko da yake sunayensu kan sassaɓa daga gari zuwa gari. Akwai tsitaka da kurada, waɗanda hannu ɗaya ke sarrafawa wajen datsa reshe ko ciyawar dabbobi, akwai kuma barandami, wanda ya fi kusa da makamin faɗa, mafarauta da 'yan tauri suka fi saɓa shi. Makiyayi da ke hawa madaci ko gawo da bazara domin sassabo wa shanu ganye yana son marar nauyi mai gajeriyar ƙota, wanda zai rataya a kafaɗa ya hau da hannu biyu. Mai neman sassaƙe da saiwar magani yana son mai ƙuntataccen baki. Manomi mai sassabe kuwa, wato share gona daga tsiron sabara da geza da kalgo kafin damina, yana son ƙota mai ɗan tsawo da za ta kai gindin tsiro ba tare da ya karya bayansa ba.

Zuwan Turawa, waɗanda suka ci Sakkwato a 1903, bai kashe ƙira ba, abin da ya kashe shi ne narka tama. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, tare da shi kuma ƙarfen waje da tarkacen hanyar jirgi suka fara kwarara cikin kasuwanni a farashin da mai haƙar tama ba zai iya gogayya da shi ba. Daga baya, da motoci suka yawaita a hanyar Sakkwato zuwa Jega wadda ta ratsa Tambuwal, sai maƙera suka gano cewa sifirin mota, wato faffaɗan ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta, ya fi duk abin da suka taɓa samu riƙe kaifi. Sai dai sabon ƙarfen ya zo da nasa sharaɗi, domin yana da tauri, kuma idan aka tsoma shi cikin ruwa yana da zafi ƙwarai sai ya yi gautsi, bakinsa ya ɓare a karon farko da ƙirya. Maƙeran da suka iya aikin sukan tsoma baki kaɗai, su bar zafin jikin ya koma masa sannu a hankali. Manyan unguwannin ƙira irin Maƙera Assada ta birnin Sakkwato da ƙananan maƙerun ƙauye duk sun bi wannan sauyi, ilimin gane tama kuwa, abin takaici, ya tafi tare da tsofaffin da suka san shi.

Daga nan ne ma'aunin zaɓen gatari ya samo asali. Wanda ya san gatari yakan ƙwanƙwasa ruwan ya saurari amonsa, domin mai ɓoyayyen tsagu ba ya ƙara garau. Yakan goga magagari a bakin, in ya ci da sauƙi ƙwarai ƙarfen ya yi taushi, in kuma ya zame bai kama ko kaɗan ba ya yi gautsi. Sa'an nan ya dubi baki da ƙota ta tsaye ya ga ko sun daidaita, saboda karkataccen gatari shi ke gocewa ya sami ƙafa. Ƙotar aduwa da ta marke da ta ƙirya su ake nema, da sharaɗin icen ya bushe sarai, tun da ɗanyen ice yana ƙanƙancewa ya saki ƙarfe da zarar hunturu ya kama. Gatarin kanti, wanda ƙota ke shiga cikin ƙarfe, ya karɓu wajen masu faskare a gari saboda nauyinsa, amma ga mai shiga daji na gida ya fi, domin idan ƙota ta karye a dajin Kebbe akwai madadinta a kusa, idan baki ya dakushe kuma maƙerin kasuwa zai koɗa shi, wato ya sake buga shi a wuta ya fito da kaifinsa, kafin mai shi ya gama cefane.

Dajin da aka ƙera gatarin dominsa shi ma ya sauya. Tun zamanin En'e aka keɓe gandayen daji aka sa malaman daji suna tsaronsu, farin 1972 zuwa 1974 da yawan jama'a da cinikin itace suka ƙara rage manyan itatuwa, har ƙiryar da maƙera ke dogara da gawayinta ta yi nisa da gari, rashin tsaro na 'yan shekarun nan kuma ya sa shiga dazuzzukan da ke iyaka da Zamfara ya zama kasada. A yankin Maraɗi na Nijar kuwa, tun shekarun 1980, manoma suka rungumi abin da ake kira sassaben zamani, inda maimakon a share duk tsiron da ke fitowa daga kututture, ake zaɓen biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su zama itace, a datse sauran. Wannan aiki ba ya son babban gatari, yana son ƙarami mai kaifi sosai wanda zai yanke reshe daga ƙasa zuwa sama ba tare da ya yage ɓawo ba, kuma a ƙasar Tambuwal da Kebbe gonakin Dogon Daji da Sanyinna da Kuci cike suke da kututturan sabara da kalgo da har yanzu ake sarewa ƙasa-ƙasa kowace bazara.