Karkarwar Tsoho: Tsufa ce ko Cuta?

A ƙasar Haɗeja, tun daga Kaugama har ƙauyukan fadama, idan hannun dattijo ya soma karkarwa, ko takunsa ya yi nauyi, akan ce, "Ai tsufa ce." Tarihin binciken ƙwaƙwalwa ya nuna cewa wannan magana wani lokaci gaskiya ce, wani lokaci kuwa kuskure ne mai tsada.

A shekarar 1817 wani likita a Landan, James Parkinson, ya bayyana wata cuta ta karkarwa da sanyin tafiya, amma bai san sanadinta ba. Sai a 1957 Kathleen Montagu ta gano wani sinadari wai shi dofamin a cikin ƙwaƙwalwa. Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya nuna cewa manzo ne mai kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma da shi motsin jiki yake daidaita. A 1960 Oleh Hornykiewicz ya tarar da ƙarancinsa ƙwarai a ƙwaƙwalen waɗanda suka rasu da cutar Parkinson. Daga nan aka sami maganin lebodofa, wanda George Cotzias ya tabbatar da amfaninsa a 1967.

To, amma manzo ba ya isar da saƙo sai an yi masa sallama a zaure. Waɗannan zauruka su ne makarɓan dofamin, waɗanda aka kasa gida biyu a 1979, wato D1 da D2. A 1984 masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka ɗauki hoton ƙwaƙwalen mutane masu rai, lafiyayyu, suka ga makarɓan D2 suna raguwa da ƙaruwar shekaru. Binciken da ya biyo baya ya nuna raguwar takan soma tun mutum yana da sauran ƙarfinsa, tana tafiya sannu a hankali, kuma tana da hannu cikin nauyin motsi da jinkirin tunani na manya.

Ga bambancin ke nan. A tsufa, zaurukan ne suke raguwa kaɗan-kaɗan. A cutar Parkinson kuwa, ƙwayoyin da suke aiko da manzon ne suke mutuwa, kuma ita wannan tana da maganin da ke sassauta ta, ko da yake ba ya warkar da ita.

Saboda haka, ya ku ma'aikatan da za a tura karkara, idan kun ga dattijon da hannunsa ɗaya yake karkarwa yana zaune bai taɓa kome ba, fuskarsa ta daskare, takunsa ya gajarce, kada ku sallame shi da sunan tsufa. A kai shi asibiti a Haɗeja, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma haƙƙin iyayenmu ne a kanmu mu rarrabe abin da sai haƙuri da abin da ke da magani.