Maganar Wa Ake Ɗauka? Hujjar Ɗaukar Nauyin Binciken Falsafa kan Adalci da Ilimi a Sana'o'in Ƙwararru

Gabatarwa

Likitanci da lauyanci da koyarwa da injiniyanci duk a kan amana ɗaya suke tsaye: jama'a sun yarda cewa mai sana'ar ya san abin da ba su sani ba, shi ya sa suka damƙa masa jikinsu da 'ya'yansu da dukiyarsu. Amma kafin ƙwararre ya yi aiki da iliminsa, dole ya saurari wani, ko majiyyaci, ko mai ƙara, ko ƙaramin ma'aikaci. A cikin wannan sauraro yake yanke wani hukunci da ba a shigar da shi a kowane kundi, wato maganar wa zai ɗauka, ta wa zai watsar. Wasu jami'o'in Turai sun soma buɗe guraben digirin digirgir a fannin falsafa, da cikakken tallafi, domin nazarin wannan hukunci. Wannan maƙala na ganin kuɗin ya tafi inda ya dace, matuƙar ɗalibin zai shiga asibiti da kotu ya ga yadda ake aikin.

Zalunci iri biyu

Masaniyar falsafa 'yar Birtaniya, Miranda Fricker, ita ce ta yi wa fagen shimfiɗa a littafinta na 2007. Ta nuna cewa ana iya zaluntar mutum a matsayinsa na wanda ya san wani abu, ta hanyoyi biyu. Na farko shi ne tauye shaida: a rage wa maganar mutum nauyi saboda jinsinsa ko launin fatarsa ko talaucinsa ko karin harshensa. Na biyu shi ne toshe fahimta: mutum ya rasa yadda zai bayyana abin da ke cutar da shi, domin irinsa ba su da hannu wajen gina ma'anonin da al'umma ke amfani da su. Misalin da ta kawo shi ne na Carmita Wood, ma'aikaciya a Jami'ar Cornell ta Amurka, wadda ta bar aiki saboda wani babba a wurin yana matsa mata da neman lalata. Da ta nemi kuɗin tallafin marasa aiki aka tambaye ta dalili, sai ta kasa faɗa, aka hana ta. Sai a 1975 mata suka taru suka yi wa wannan cuta suna, daga baya doka ta san da ita.

Abin da ya faru a ofisoshin gidan waya na Birtaniya ya haɗa nau'o'in biyu. Daga 1999 aka sa wa rassan manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, wadda ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu riƙe da rassa fiye da 900 bisa zargin sata ko almundahana. Sun yi ta faɗa cewa kwamfutar ce ke kuskure, amma masu binciken kuɗi da lauyoyi suka fifita shaidar na'ura, domin dokar Ingila na ɗaukar kwamfuta a matsayin mai aiki daidai har sai an kawo hujjar akasin haka. An kuma riƙa gaya wa kowannensu cewa shi kaɗai ke da matsalar, aka raba su da damar gane cewa cutarsu ɗaya ce. Sai da masu riƙe da rassa 555 suka haɗu a ƙarƙashin ɗayansu, Alan Bates, sannan suka yi nasara a Babbar Kotu a 2019, kuma a 2024 majalisa ta yi dokar soke hukunce-hukuncen.

A asibiti kuwa da rai ake biyan wannan kuskure. Martha Mills, yarinya 'yar shekara 13, ta rasu a Landan a 2021 bayan iyayenta sun yi ta nuna damuwa kan taɓarɓarewar jikinta ba a ɗauki matakin da ya dace ba. Mai binciken musabbabin mutuwa ya ce da an kai ta sashen kulawa ta musamman da wuri, da akwai yiwuwar ta rayu. Daga 2024 asibitocin Ingila suka fara aiki da ƙa'ida mai sunanta, wadda ta ba majiyyaci da danginsa haƙƙin neman wata tawagar likitoci ta sake duba shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma uwar da ta kwana a gefen gado tana da ilimin da ba ya cikin katin asibiti.

Me ya sa sai falsafa?

Mai suka zai ce ai ƙwararre ya fi wanda ya zo wurinsa sani, kuma idan likita zai gaskata duk abin da aka gaya masa, to karatunsa ya tashi a banza. Wannan gaskiya ne, kuma a nan ne aikin falsafa yake. Ba kowane ƙin yarda ne zalunci ba. Likitan da ya ƙi rubuta maganin da majiyyaci ya nace a kai yana iya zama mai gaskiya. Wanda ya ƙi yarda cewa mace tana jin ciwo don ya saba ɗaukar mata a matsayin masu raki ya yi zalunci. Masanin zamantakewa zai iya ƙidaya sau nawa abin ke faruwa. Wani bincike na Jami'ar Virginia a 2016 ya gano cewa kusan rabin fararen ɗaliban likitanci da sabbin likitocin da aka tambaya sun yarda da aƙalla wata ƙarya guda game da jikin baƙar fata. Amma ƙidaya ba ta faɗin inda iyaka take tsakanin taka-tsantsan da son zuciya, ko wa ke da laifi idan tsarin ma'aikata ne ya toshe kunnen ma'aikaci. Malaman hadisi sun san nauyin wannan tambaya tun da daɗewa, shi ya sa suka auna mai ruwaya da amanarsa da ƙarfin kiyayewarsa, suka gina ilimi guda a kan haka. Sana'o'in zamani na bukatar ma'auni mai irin wannan tsanani, wanda za a iya koyarwa kuma a iya tuhumar wanda ya saɓa masa.

Tallafin kansa batun adalci ne

Digirin digirgir na cin shekara uku zuwa huɗu na cikakken aiki. A Norway da Sweden da Holan ana ɗaukar mai irin wannan karatu a matsayin ma'aikaci mai albashi. Inda babu tallafi, 'ya'yan masu hali kaɗai ke iya zama su yi tunani a kan adalci, kuma waɗanda aka fi watsar da maganarsu su ne na ƙarshe da za su samu kujerar bincike. Havi Carel ta Jami'ar Bristol, wadda tare da Ian James Kidd suka shigar da tunanin Fricker cikin nazarin kiwon lafiya a 2014, tana fama da ciwon huhu mai tsanani, kuma daga zamanta na majiyyaciya tambayoyinta suka fito. Tun 2023 gidauniyar Wellcome ke ɗaukar nauyin babban aikin da take jagoranta a kan wannan batu. Tallafi mai kyau shi ne wanda zai ba tsohuwar ma'aikaciyar jinya ko magatakardan kotu damar ajiye aiki ya koma aji ba tare da iyalinsa sun shiga wani hali ba.

Kammalawa

Tambayar ta shafe mu kai tsaye. A manyan kotunan Nijeriya da Ingilishi ake shari'a, a Nijar kuma da Faransanci aka gaji yin aikin hukuma, don haka shaidar Bahaushe takan bi ta bakin tafinta kafin ta isa ga alƙali, kamar yadda kukan majiyyaciya ke komawa wani harshe kafin ya shiga kati. Abin da ke zubewa a hanya ya cancanci bincike na shekaru. Hukumar TETFund, wadda ke ɗaukar nauyin karatun malaman manyan makarantu, da sassan falsafa da shari'a da likitanci na jami'o'inmu, ya kamata su ware guraben haɗin gwiwa a kan wannan fage, da sharaɗin ɗalibi ya zauna a ɗakin jinya ko zauren kotu, kuma sakamakon aikinsa ya shiga manhajar horar da likitoci da lauyoyi.