Farfelar injin jet: tsakanin rage nauyi da jure karo da tsuntsaye

Farfela ita ce babbar fankar da ake gani a bakin injin jet. A jiragen fasinja na zamani, ita ke samar da mafi yawan ƙarfin da ke tura jirgi gaba, domin galibin iskar da take zuƙa ta gefen injin take bi, ba ta shiga ɗakin ƙona mai.

Faɗin farfela yana rage shan mai da ƙugi, amma yana jawo nauyi. Idan fukafukanta suka yi nauyi, dole a ƙarfafa faifan da ke riƙe su, da kuma gangar da za ta tare duk wanda ya karye. Shi ya sa masu ƙira ke amfani da ƙarfen titaniyom ko zaren kabon.

Sai dai tsuntsaye sun kafa wa rage nauyin iyaka. Kafin a amince da babban inji, akan harba masa mataccen tsuntsu mai nauyin da kan kai kilo 3.65. Fukafukan kabon na farko da Rolls-Royce ya yi wa injin RB211 sun faɗi gwajin tsuntsu, lamarin da ya taimaka wajen durƙushewar kamfanin a 1971. A ranar 15 ga Janairun 2009 kuwa, garken dinya ya kashe injina biyu na wani jirgin US Airways, ya sauka a kogin Hudson na Amurka.

Wannan ya shafi Arewacin Najeriya. Dausayin Hadejiya da Nguru, har da matattarar tsuntsaye ta Dagona kusa da Gashuwa a Jihar Yobe, yana karɓar ɗimbin tsuntsayen ruwa daga Turai kowane rani. A lokacin ne kuma ƙurar hunturu ke zaizaye bakin fukafukan farfela.

Wani sanadin shi ne gajiyar ƙarfe, wato ƙaramar tsaga da ke girma da kowane tashi. Ita ta tarwatsa faifan farfelar jirgin United a 1989, wanda ya faɗi a Sioux City, mutum fiye da 110 suka rasu. Saboda haka ake ƙirga tashin kowane inji, a binciki fukafukansa da na'urar sauti mai gano tsagar da ido ba ya gani.