Bos a Wasan Gem: Mai Bin Tsari da Mai Riƙon Gaba

Duk wanda ya yi zamanin kallon finafinan Indiya da Chanis a silima ya san bos. Shi ne mugun da jarumi ba zai kai gare shi ba sai ya gama da yaran sa. To, mai karatu, wannan bos ɗin ya daɗe da yin ƙaura zuwa wasan gem, kuma ya na da tarihi.

A fim ɗin Game of Death na 1978, Bruce Lee ya na hawa bene, kowane hawa da gwanin da ke jiran sa. A 1984 kamfanin Irem na Japan ya ɗauki wannan fasali ya yi gem ɗin Kung-Fu Master: hawa 5, bos 5. Shekara ɗaya bayan nan Nintendo ya fito da Super Mario Bros., inda Bowser ke tsaye kan gada ya na tsalle, ya na fesa wuta.

Waɗannan bosawa na farko tsari kawai su ke bi, kamar ɗan wasan da ya haddace sikirif. In ka sha kashi sau goma ka gane lagon su, shi ke nan. God of War na 2005 ya kai salon ƙololuwa: ana nuna maka maɓallin da za ka danna, faɗan ya fito tsaf kamar fim. Amfanin sa shi ne mai tsarawa, kamar darakta, ya san inda zuciyar ka za ta buga. Illar sa kuwa, zagaye na biyu babu sauran mamaki.

Ɗaya salon shi ne bos mai lura da kai. 'Yan gidan gem ba za su manta da Mortal Kombat II na 1993 ba, inda kwamfuta ke karanta abin da ka danna ta rama nan take, har yara su riƙa rantsuwa cewa cuta ce. A 2014 kamfanin Monolith na Amurka ya zo da Shadow of Mordor. A nan, ƙaramin soja in ya kashe ka sai a ƙara masa girma. In ka ƙona shi ya tsira, zai dawo da tabo, ya yi maka gori. Kowane ɗan wasa da nasa maƙiyin.

Sai dai kash! Warner Bros. ya yi wa dabarar rajistar mallaka a 2021, sannan ya rufe Monolith a 2025, wato an kulle ɗaki an tafi da makulli.

Wanne ya fi? Ni dai na ce bos mai tsari malami ne, haƙuri ya ke koya maka. Mai riƙon gaba kuwa labari ya ke ba ka wanda babu marubucin da ya rubuta shi. Marubutan mu da daraktoci su ma su duba: mugun da aka san abin da zai yi tun farkon fim, wa zai ji tsoron sa?